Baba Yana Hutawa

Ni dai na ga ana ɗaure akuya da igiya, na ga ana rufe shago da kwaɗo, amma ban taɓa ganin an ɗaure mutum da daɗin baki ba sai a kan yayana. Wanda ya yi ɗaurin kuma ba bare ba ne, ɗan cikinsa ne, yaron da ni na goya a bayana.

Yaya ya haura saba'in, amma in kuka gan shi a kan kekensa sai ku rantse bai kai ba. Gyaran famfo ne sana'arsa. Da ya ajiye ta sai ya mayar da unguwa gaba ɗaya wurin aikinsa, ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya isa ya sallame shi. Da hantsi zai duba famfon unguwa ko yara sun karya kan, ya leƙa magudanar bakin titi ya tsamo ledoji, ya biya gidan mara lafiya, sannan ya tsaya wurin mai shayi a yi ta musu a kan wanda ke zubar da shara a bayan makaranta. Ranar taron unguwa shi ke jera benci, shi kuma ke cika wa mutane kunne da zancen fitilar kan titi da ta mutu. Baba Sintiri suke ce masa. Ni kuwa har gobe Auta yake kirana, da furfurata da jikokina.

Tun rasuwar matarsa yake zaune a gidan babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, a wani ɗaki kusa da get, ƙofarsa na kallon titi. Gidana na ƙarshen layin, don haka kusan kullum sai na leƙa.

Ranar da abin ya soma ina tsaye a wurin. Yaya na cikin magudana, ya naɗe wando har gwiwa, shebur a hannu, sai ga motar Manaja ta tsaya da baƙi daga wurin aikinsa. Ɗaya daga cikinsu ya sauke gilashi ya ce, “Sannu da aiki, tsoho. In ka gama, ko za ka zo ka yashe mini tawa?”

Yaya ya yi dariya ya ce, “Sai ka tambayi mai motar, a gidansa nake aiki. Ni na haife shi.”

Manaja ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya shige da mota. Ni na san shi tun yana tsumma, da na ga yadda ya sha mur na san magana ba ta ƙare a nan ba.

Da yamma ya same mu a ɗakin Yaya. Ya durƙusa har ƙasa, murya a sanyaye.

“Baba, ka yi mana wahala tun muna ƙanana. Yanzu lokacin hutunka ne.”

“Wa ya ce maka na gaji?”

“Ba sai ka gaji ba, Baba. Mutane suna magana.”

Na ce, “Su wane ne mutanen? Lissafo mini su in ji.”

“Gwaggo, ke ma kin san yadda duniya take. In aka gan shi cikin kwata, ba shi za a zaga ba, ni za a zaga.”

“To ashe kai ne kake neman hutu, ba shi ba.”

Yaya ya ɗaga mini hannu. “Auta, bakin nan naki ba ya tsufa. Bar shi, alheri yake nufi.” Haka Yaya yake, zai iya tara unguwa guda a kan murfin famfo, amma a gaban ɗansa sai kawaici.

Keken aka fara ɗauka. Aka ce birki ya lalace, an kai gyara. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyara kekensa da hannunsa, shi ake gaya wa birki ya lalace. Ya tambaya, aka ce gobe. Ya sake tambaya, aka ce mai gyaran ya yi tafiya. Daga nan ya ci gaba da zagayensa a ƙafa, yana dawowa da ƙura har ƙauri, yana ce mini ai ƙafar ma keke ce, ita ba ta faci.

Sai aka ce ɗakin bakin get ya yi zafi, bai dace da dattijo ba. Aka gyara masa ɗaki a sama. Kada in yi ƙarya, ɗakin ya yi kyau: gado mai laushi, kafet, na'urar sanyi, talabijin kusan faɗin bango, har da ƙaramin firji. Sai dai tagarsa bayan gida take kallo, ba abin da ake gani sai katanga da tankin ruwa. Matakalar kuma an lulluɓe ta da tayil mai santsi, aka ce kada ya kuskura ya sauko sai da mai riƙe shi. Mai riƙewar kuwa kullum yana da abin yi.

Matar Manaja ta raka ni in ga ɗakin, baki har kunne. “Gwaggo, kin ga yadda muka gyara wa Baba? Ko ruwa yake so, ƙararrawa kawai zai danna.”

Na ce, “In titi yake so fa, wace ƙararrawa zai danna?”

Ta yi dariya, ta ɗauka raha nake yi.

'Yar wayarsa mai maɓalli ma ba ta tsira ba. Manaja ya ce abin kunya ne a ga ubansa da irin wannan waya, ya sayo masa babba wadda ake shafawa, da sabon layi, wai tsohon layin mutane sun cika damunsa da kira. Yatsun Yaya sun yi kanta saboda riƙon sifana, in ya shafa nan sai can ya buɗe. Ya ajiye ta a kan firji, ta zama abin ado.

A farko yana ƙoƙari. In na je sai in tarar yana zagaya gadon, hannu a baya, kamar mai duba aiki. Zai tare ni da tambaya tun kafin in zauna.

“Auta, famfon yana zuba? An sa murfin? Yaya jikin tela? An kwashe sharar nan ta bayan makaranta?”

In ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai yana tsaki, yana cewa in ya fito zai yi maganin abin. Ban taɓa jin daɗin tsakin mutum irin na lokacin ba.

Wata rana na same shi zaune a bakin gado, talabijin na ta surutu ba ya kallo. Bai tambaye ni famfo ba. Can ya ce, “Auta, ashe haka mutane suke?”

“Kamar yaya?”

“Ko mutum ɗaya bai neme ni ba. Mai shayi ma da muke zama kullum. Tela da na yi ta zarya asibiti dominsa. Ko a ce ina Baba Sintiri ya shiga.”

Abin ya ɗaure mini kai. Ina fita na wuce wurin mai shayi, da niyyar in wanke shi tas. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

“Hajiya, lafiya Baba kuwa? Mun je, mun koma, mun sake komawa. Da safe maigadi ya ce yana hutawa, da yamma ya ce yana hutawa. Tela ya je da sandarsa, aka ce yana hutawa. Wayarsa kuma ba ta shiga. To ka je gidan mutum a ce maka dattijo yana hutawa, za ka ce a tashe shi? Sai muka ce ko ya samu wurin da ya fi namu ne.”

Kun ji inda aka yi mana wayon. Da cewa aka yi ba ya nan, da sun tambayi inda ya tafi. Da cewa aka yi ba shi da lafiya, da unguwa ta cika gidan da dubiya, ba maigadin da zai tare su. Sai aka zaɓi kalmar da babu mai kunya da zai tsallake ta. Su suna waje suna ganin ya guje su, shi yana sama yana ganin sun manta da shi, kuma ba wanda za ka kama ka ce ya yi ƙarya.

Na koma gidan ko mayafina ban gyara ba. Na tarar da matar Manaja a falo.

“Wa ya ce a riƙa korar baƙin Yaya?”

“Gwaggo, ba kora ba ce. Ni dai abin da Abban yara ya ce shi na faɗa wa maigadi. Kuma kin san mutanen nan, in suka zo sai su yini, su hau sama da takalmi, ga yara suna karatu. Baba ma ai yana bukatar natsuwa.”

“Natsuwar ce ta sa ya koma kamar an zare masa laka?”

“Wallahi Gwaggo abinci ba ya yanke masa, magani ba ya yanke masa. Ban san me kuma ake so in yi ba.”

Na jira Manaja har ya dawo. Ya saurare ni yana kallon waya, sannan ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta.

“Gwaggo, in ya faɗi a titi wa za a kira? Ni. In mota ta buge shi wa za a ce ya yi sakaci? Ni. Mutane nawa ne suke barin iyayensu a wulaƙance? Ni na ɗauke shi na sa a ɗakin da ya fi nawa, shi ne laifina?”

“Ban ce ba ka kashe masa ba. Cewa na yi ka bar shi ya taka ƙasa, ka bar mutanensa su gan shi.”

“Za a duba.”

Ba a duba ba. Na kira ƙanwar Manaja da ke aure nesa, na zayyana mata komai. Ta ce, “Haba Gwaggo, jiya muka yi magana ta bidiyo, na ga ɗakin da idona. Wallahi Yaya Manaja ya yi ƙoƙari. Baba ne dai da rigimar tsufa.” Ta ga labule, ta ga kafet, ƙafafun ubanta ne kawai ba su fito a wayar ba.

Na gaya wa Yaya gaskiyar abin da ake faɗa a bakin get. Na zaci zai yi faɗa. Sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Ashe sun zo.” Ya maimaita, “Ashe sun zo.” Na ce ya tattara kayansa mu tafi gidana, ɗaki na nan, ƙofa a buɗe.

“In koma gidan ƙanwata ina da ɗa a raye? Sai a ce ya kore ni. Ba zan ja masa wannan ba.”

“Shi ya damu da abin da ya ja maka?”

“Auta, ke ba ki haife shi ba.”

Kun ji abin takaici. Ana cutar mutum, shi kuma yana tsaye yana kare mutuncin mai cutar tasa.

Duk da haka labarin ya ɗan farfaɗo da shi. Ranar taron unguwa ya yi wanka tun da wuri, ya sa farar rigarsa da hula, ya lallaɓa bango ya sauko matakalar nan shi kaɗai. Maigadi ne ya ba ni labari daga baya, yana magana yana sunkuyar da kai. Ya ce Yaya ya iso bakin get yana haki, ya ce a buɗe masa. Shi kuma ya durƙusa ya ce, “Baba, ka yi mini rai. Maigida ya ce ranar da ka fita ta nan, ranar zan bar aiki. Ina da iyali.” Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Tashi, ba zan raba ka da abincinka ba.” Ya tsaya a jikin get ɗin yana jin muryoyin masu wucewa zuwa taron, har suka ƙare, sannan ya juya. Hawan bai yiwu ba sai da maigadin ya tallafe shi.

Da Manaja ya ji, sai ya hau sama da fara'arsa. “Baba, ai da ka faɗa mini. Maganar magudana ce? Na sa leburori sun yashe ta. Fitilar ma na sa an gyara. Ka ga yanzu ba abin da zai fitar da kai.”

Yaya ya ce, “Allah ya yi albarka.” Ya cire hular ya ajiye.

Na tabbata Manaja ya sauko yana ganin ya kyauta. Bai san ba magudana Yaya yake so ba. So yake ya tashi da safe yana da inda za shi, a tsayar da shi a hanya a ce Baba zo ka gani.

Daga ranar komai ya soma zamewa. Ya daina zagaya gadon. Ƙafafun suka kumbura har silifa ba ta shiga. Abinci ya dawo kamar yadda aka kai shi, sai ɗan gefen da ya taɓa. In na je da rana sai in tarar yana barci a zaune, baki a buɗe, sanyin na'ura na kaɗa shi. In ya farka ya tambaye ni wace rana ce. Na yi ta ba shi labarin unguwa ko zai yi tsakin nan nasa, na ce yara sun sake karya kan famfo, na ce an buɗe sabon juji a bakin makaranta. Ya ce, “To.” Mutumin da ba a iya rufe masa baki a taro, shi ne ya koma to.

Na tsokane shi na ce, “Yaya, ko in nemo maka bazawara ne ta motsa ka?”

Ya yi ɗan murmushi. “Ta ina za ta shigo?”

Na sake tarar Manaja, wannan karon har da kukana, ni da ba na kuka a gaban yara. Ya ce, “Gwaggo, shekaru ne. Kin ga da na bar shi yana yawo, da a titi wannan zai same shi.” Ciwon da shi ya jawo, shi ya ɗauko ya mayar hujja.

Sai da Yaya ya kasa kai kansa banɗaki sannan aka kira likita. Likitan ya duba ƙafafun, ya danna, ya sa shi ya miƙe, ya ga yadda gwiwoyin ke rawa. Ya tambaya, “Yana samun tafiya kuwa?”

Matar Manaja ta yi caraf ta ce, “A'a likita, ba ma barinsa ya wahala ko kaɗan.”

Likitan ya ɗago ya dube su. “To ku bar shi ya wahala. Ƙafar tsoho in ta zauna ba ta jira. Ya fita, ya ga mutane, ya taka ƙasa kullum. Ban yi muku alkawarin za ta dawo yadda take ba.”

Abin da na yi ta faɗa har muryata ta dushe, da ya fito daga bakin mai farar riga sai ya zama magana. Washegari da hantsi Manaja ya sa aka buɗe get gaba ɗaya. Shi da maigadi suka sauko da Yaya a ɗauke, suka tsayar da shi a tsakar gida, suka damƙa masa sabuwar sanda mai ƙafar roba.

“Bismilla Baba. Ga titi nan, ka je duk inda kake so.”

Na riƙe masa hannu ɗaya. Muka soma takawa, yana jan ƙafa, yana nishi. Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai bakin get. Rana ta haske masa ido, ya ƙifta, ya dubi dama, ya dubi hagu. Na ji hannunsa ya matse nawa. Ga layinsa nan, ga famfo can mata sun yi layi da bokitai, ga hayaƙin mai shayi. Ya ɗaga ƙafa zai tsallake ɗan tudun bakin get, sai gwiwar ta lanƙwashe, ya sulale ƙasa yana riƙe da zanena.

Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta ce, “Sannu Baba, tsufa ya zo. Manaja, Allah ya saka maka yadda kake kula da tsohon nan. Samun ɗa irinka sai an tona.” Manaja ya ce amin, har da dafa ƙirji.

Can na hango mai shayi ya ajiye buta, ya taso da sauri, tela na biye da shi yana ɗingishi, suna ɗaga hannu. Na ce, “Yaya, ga mutanenka nan.”

Shi ma ya gan su. Ya dubi ƙafafunsa a miƙe a ƙasa, kumburarru, ya dubi rigarsa da ta jiƙe ta gaba ba tare da ya sani ba. Ya jawo ni kusa.

“Auta, ku mayar da ni ciki. Kada su gan ni haka. Ku rufe ƙofar.”

“Yaya, ai dominka suke tahowa.”

“Na roƙe ki.”

Aka ɗauke shi. Maigadi ya tura get, ya rufe kafin su iso. Ina jin bugunsu daga waje, ina jin mai shayi na kiran sunan da suka sa masa. Yaya ya juya fuskarsa ga bango.

Manaja ya karkaɗe hannuwansa, ya juyo gare ni. Ba fushi a fuskarsa, ba kunya, sai ma wani sauƙi irin na wanda aka wanke daga zargi.

“To kin gani da idonki, Gwaggo. Na buɗe masa. Shi da kansa ne ba ya son fita.”

Ya ɗauki makullin motarsa, ya ce ya makara wurin aiki.